Fashin baƙi: "Hello, Garci?", kiran wayar da ya zama abin dariya a Filifin, da abin da 'yan jarida suka ɗanɗana a kansa

Mutanen Filifin suna da wani zancen barkwanci da suke yi duk lokacin zaɓe: wai a ƙasarsu ba a faɗuwa zaɓe, 'yan takara iri biyu ne kawai, wanda ya ci da wanda aka yi wa maguɗi. Da dariya ake faɗinsa, amma akwai tarihi mai ɗaci a ƙarƙashinsa. Shekarar da zancen ya fi kama jiki ita ce 2005, lokacin da aka ji muryar shugabar ƙasa mai ci, Gloria Macapagal-Arroyo, tana waya da wani kwamishinan hukumar zaɓe ana tsaka da tattara sakamako. Gwamnati ta ce duk gidan rediyo ko talabijin da ya sa faifan zai iya rasa lasisinsa. Jama'a kuwa suka ɗauki muryar suka mai da ita sautin shigowar kira a wayoyinsu.

Kafin a kai ga faifan, sai an san yadda Arroyo ta hau mulki, domin tun daga nan tabon ya fara. Ba zaɓenta aka yi shugabar ƙasa ba a karon farko. Mataimakiya ce ga Joseph Estrada, tsohon jarumin fim da talakawa suka zaɓa a 1998. An zarge shi da karɓar kaso daga wata haramtacciyar caca da ake kira jueteng, majalisar dattawa ta zauna shari'ar tsige shi, sai a watan Janairun 2001 sanatoci 11 suka rinjayi 10 aka ƙi buɗe wata ambulan da ake zaton tana ɗauke da hujja. A daren nan saƙonnin tes suka cika wayoyin Manila, kowa yana ce wa ɗan'uwansa a haɗu a EDSA, babban titin da aka yi gangamin da ya kori shugaba Ferdinand Marcos a 1986. Sojoji suka janye goyon baya, ranar 20 ga Janairu aka rantsar da Arroyo. Magoya bayan Estrada har gobe kallon ƙwace suke yi wa abin. A ƙarshen 2002 ta fito ta ce ba za ta tsaya takara a 2004 ba. Daga baya ta tsaya.

Wanda ya kara da ita ranar 10 ga Mayun 2004 shi ne Fernando Poe Jr., aminin Estrada, shi ma jarumin fim, mutumin da farin jininsa a wurin talaka ya wuce misali. Sakamakon hukuma ya ba Arroyo ƙuri'a kusan miliyan 12.9, Poe kusan miliyan 11.8. Tazarar ta ɗan haura miliyan ɗaya. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

A wancan zamani ba a dangwala yatsa ko a yi wa hoto alama. Mai zaɓe da hannunsa yake rubuta sunayen 'yan takara a kan takarda, tun daga shugaban ƙasa, da sanatoci goma sha biyu, har zuwa kansilan garinsu. Malaman makaranta ne ke kula da rumfuna, su kwana suna karanta takardu ɗaya bayan ɗaya suna jan layi a kan allo. Daga rumfa sakamako ya tafi hedikwatar gari, a haɗa a rubuta sabuwar takarda, ta tafi lardi, a sake haɗawa, sannan ta isa majalisar ƙasa a Manila. A ƙasa mai tsibirai sama da dubu bakwai wannan tafiya makonni take ci, kuma a kowane zango akwai alƙalami. Mutanen ƙasar sun raɗa wa abin da alƙalamin ke yi suna, dagdag-bawas, wato ƙara ka rage: a zare dubu goma daga wannan a ɗora wa wancan, jimilla ba ta motsa ba, mai duba lissafi daga sama ba zai ga komai ba. Sayen ƙuri'a ɗaya-ɗaya a bakin rumfa ciniki ne na tiredi. Sari yana cibiyar tattara sakamako.

Da majalisa ta zauna tantance takardun larduna, lauyoyin Poe suka yi ta neman a buɗe sakamakon rumfuna a gwada da abin da larduna suka aiko. Amsar da shugabannin kwamitin suka riƙa bayarwa kalma ɗaya ce ta Turanci, wadda ma'anarta "an ji", sannan a wuce gaba. Ita ma kalmar ta shiga barkwancin gari, mace ta yi wa miji ƙorafi ya ce "an ji". Da asubar 24 ga Yuni aka ayyana Arroyo. Poe ya shigar da ƙara, amma ya rasu a watan Disambar shekarar, kotu kuma ta ce matarsa, Susan Roces, ba ta da hurumin ci gaba da ƙarar. Da a nan aka tsaya da maganar ta bi ruwa.

Abin mamaki, fadar shugaban ƙasa ce da kanta ta tono ta. Ranar 6 ga Yunin 2005 kakakin fadar, Ignacio Bunye, ya tara 'yan jarida ya ɗaga faifan sidi biyu, ɗaya a kowane hannu. Ya ce 'yan adawa suna shirin sakin wani faifai da aka yi wa kwaskwarima don su ɓata shugaba, ga na gaskiya, ga na jabu. A wanda ya kira na gaskiya, wai shugaba da wani ma'aikacin siyasarta take magana. A wanda ya kira na jabu kuwa, muryar namijin kowa ya ce ta Virgilio Garcillano ce, wanda ake kira Garci a taƙaice, kwamishina a hukumar zaɓe ta Comelec, mutumin da ya daɗe yana aikin zaɓe a tsibirin Mindanao. So Bunye ya yi ya riga 'yan adawa, sai ya zama shi ya tabbatar wa duniya cewa muryar matar ta shugaba ce. Bayan 'yan kwanaki ya lashe amansa ya ce ba shi da tabbas. Ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Sa'o'i ne na hirarrakin Garcillano da 'yan siyasa daban-daban, waɗanda aka yi imanin sashen leƙen asirin soja ne ya naɗa a asirce. Amma jimla ɗaya ce ta tsaya wa mutane a rai, inda matar ke tambaya ko har yanzu za ta ci da tazarar da ta haura miliyan ɗaya. Wannan ce tazarar da hukuma ta sanar.

Martanin gwamnati bai nufi abin da ke cikin faifan ba, kan masu saurare ya faɗa. Ministan shari'a Raul Gonzalez, wanda a 2004 yana cikin shugabannin kwamitin nan na "an ji", ya yi gargaɗin cewa mallakar faifan ko yaɗa shi laifi ne a ƙarƙashin dokar hana satar sauraron waya ta 1965. Ranar 11 ga Yuni hukumar sadarwa ta NTC ta fitar da sanarwa ga gidajen rediyo da talabijin cewa sa faifan zai iya jawo dakatar da lasisi ko soke shi. Akwai tufka da warwara a nan, kuma lauyoyi ba su bari ta wuce ba: in faifan jabu ne, ba a saci sauraron kowa ba, to wace doka aka karya? In kuwa an saci sauraro, ashe hirar ta faru ke nan. Duk da haka barazanar ta yi aiki. Manyan tashoshi suka ja da baya, domin wanda ya zuba jarin biliyoyi a tashar talabijin ba ya wasa da takardar izini.

A nan ne dariya ta shiga ta yi aikin da jarida ta kasa. Cibiyar binciken ƙwaƙwaf ta PCIJ ta ɗora faifan a intanet. Wata ƙungiyar masu amfani da waya mai suna TXTPower ta ɗora gajeren sauti na 'yan daƙiƙoƙi, gaisuwar nan ta "Hello, Garci?" an haɗa ta da kiɗan rap, mutane suka yi ca a kai har shafin ya riƙa durƙushewa. Filifin a lokacin ana yi mata kirari da babban birnin tes na duniya, waya ta riga ta shiga hannun ɗan dako da mai tallan kifi. Ka ƙiyasta mutum a cikin jeepney, motar hayarsu mai dogayen benci biyu da fasinjoji ke fuskantar juna, gwiwa na gugar gwiwa. Waya ta yi ƙara a aljihun wani, muryar shugabar ƙasa ta cika motar tana kiran Garci, kowa ya sunkuyar da kai yana ƙunshe dariya. Masu sayar da faifan satar fasaha a bakin titi suka saka shi cikin hajarsu, aka buga a riguna, har hon ɗin mota aka yi da shi. Wa minista zai kama? Dokar da aka tsoratar da tashoshi goma da ita ba ta da hannun da zai kai aljihun mutum miliyan.

Ranar 27 ga Yuni Arroyo ta bayyana a talabijin, fuska ba walwala. Ta amsa cewa ta kira wani jami'in hukumar zaɓe, ba ta ambaci suna ba, ta ce ta yi ne don kare ƙuri'unta, ba don ta sauya sakamako ba. Ta kira abin kuskuren hukunci, ta ce ta yi nadama. Susan Roces ta mayar mata da martani cikin fushi cewa ta saci shugabanci har sau biyu. Ranar 8 ga Yuli manyan jami'an gwamnati goma, ciki har da ministoci, suka ajiye aiki tare a wani otal suka nemi ta sauka. Tsohuwar shugaba Corazon Aquino ma ta nemi haka. Da yammacin ranar mutane da yawa sun ɗauka ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ba ta sauka ba, kuma dalilan suna da amfani ga mai son fahimtar ƙasar. Tsohon shugaba Fidel Ramos ya je fada ya tsaya kusa da ita. Taron limaman Katolika, wanda muryarsa ta yi tasiri a 1986 da 2001, ya ƙi cewa ta yi murabus. Manyan hafsoshi ba su motsa ba, wasunsu ma an ambaci sunayensu a faifan. Masu matsakaicin hali a Manila sun gaji da hawa titi, sun kori shugaba biyu ba su ga abin da ya canza ba. Sai kuma wata dabara ta tsarin mulki: ba a buɗe shari'ar tsige mutum ɗaya fiye da sau ɗaya a shekara. Wani lauya ya riga kowa shigar da ƙorafi mara ƙarfi, 'yan majalisa masu rinjaye suka ce shi za a duba, suka yi fatali da shi a watan Satumba da ƙuri'a 158 da 51. An rufe ƙofa sai baɗi. Da wani janar, Francisco Gudani, ya je majalisar dattawa ya ba da shaida kan abin da ya gani a Mindanao lokacin zaɓe, a ranar aka fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 464 da ya hana jami'ai amsa gayyatar majalisa sai da izinin fada. Shi kuwa Garcillano ya ɓace wata da watanni, kafin ya ɓullo ya ce bai yi wa kowa maguɗi ba.

A ganina a nan ne barkwancin ya nuna iyakarsa. Ya isar da hujja ga kowa, ya zubar wa shugaba da kwarjini har ƙarshen mulkinta, amma bai da ƙuri'a a zauren majalisa. Akwai ma wata illa da ba a cika faɗa ba: abin da ka saba yi wa dariya kullum, sannu a hankali ka daina jin zafinsa. Wanda ya sa Garci a wayarsa ya huce haushinsa sau ashirin a rana, ba lallai ne ya sake samun ragowar da zai fita zanga-zanga da ita ba.

Ranar 24 ga Fabrairun 2006, ana cikin bikin cika shekara ashirin da korar Marcos, Arroyo ta ayyana dokar ta-ɓaci da shela mai lamba 1017, ta ce an bankaɗo shirin juyin mulki tsakanin wasu sojoji da 'yan gurguzu. Aka soke izinin taruka, aka kama malamin jami'a kuma marubuci Randy David yana cikin jerin gwano. Kafin gari ya waye 'yan sanda suka shiga ofishin jaridar adawa ta Daily Tribune ba tare da sammacin kotu ba, suka kwashi takardu, suka girke jami'ai a ƙofa. Shugaban 'yan sanda ya fito yana zancen wasu ƙa'idoji da kafafen labarai za su bi in ba sa so a karɓe su. Duk wanda ya rayu a 1972 ya gane salon, domin rufe jaridu da tashoshi ne aikin farko da Marcos ya yi da ya ƙaƙaba mulkin soja. Mako ɗaya aka yi aka ɗage dokar, ranar 3 ga Maris. A watan Mayu Kotun Ƙoli ta ce samamen da aka kai wa Tribune ya saɓa wa tsarin mulki, a Fabrairun 2008 kuma ta yanke cewa gargaɗin Gonzalez da na NTC toshe baki ne tun kafin a yi magana, haramun ne. Hukunci mai kyau, sai dai ya zo bayan shekara biyu da rabi, an riga an ci moriyar tsoron.

Akwai hanyar da ta fi samame sauƙi. A Filifin ɓata suna laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Mijin shugabar, Jose Miguel Arroyo, ya maka 'yan jarida sama da 40 a kotu, editoci da marubuta da masu gidajen jarida, kowanne yana yawon neman beli. Sai a 2007, bayan an yi masa babban aikin zuciya, ya ce ya janye.

Wannan duk a Manila ne, inda makamin lasisi ne da sammaci. A larduna harsashi ne. Da dama daga cikin 'yan jaridar da aka kashe a ƙasar tun 1986 masu sharhi ne a ƙananan gidajen rediyo, da yawansu lokaci suke saya a tasha su yi shirinsu, suna caccakar magajin gari ko ɗan kwangila, sai wata rana mutum biyu a kan babur su tare su. Mafi munin abin da aka gani ya faru ne a Maguindanao, lardi mai rinjayen Musulmi a Mindanao, kuma igiyarsa tana ɗaure da labarin Garci. Gidan Ampatuan ne ke riƙe da lardin a lokacin, kuma sun yi suna wajen kawo wa fada ƙuri'a yadda ake so. A zaɓen sanatoci na 2007 'yan takarar gwamnati suka cinye kujeru 12 cikin 12 a lardin, alhali a sauran ƙasa adawa ce ta yi rinjaye. Wanda yake kawo maka irin wannan sakamako ba ka tambayarsa yawan bindigogin da ke gidansa.

Ranar 23 ga Nuwamban 2009 Esmael Mangudadatu, wanda ke son takarar gwamna da ɗan gidan Ampatuan, ya tura matarsa da 'yan'uwansa mata da lauyoyi su kai masa takardun takara. Ya gayyaci 'yan jarida su raka su, a bisa tunanin ba wanda zai taɓa mata a gaban kyamara. Aka tare ayarin, aka kora su kan wani tudu, aka kashe mutum 58, 32 daga cikinsu ma'aikatan jarida. Da motar haƙa rami ta gwamnatin lardi aka binne wasu, har da motocinsu. Shekara goma aka yi ana shari'a kafin a Disambar 2019 kotu ta samu Andal Ampatuan Jr. da ɗan'uwansa Zaldy da wasu da laifi.

Daga 2010 aka koma ƙirga ƙuri'a da na'ura, sakamako ya riƙa fitowa cikin dare ɗaya, kasuwar dagdag-bawas ta ja baya. Makaman da aka gwada kan jarida kuwa suna nan a ajiye, Rodrigo Duterte ya zo ya same su. Tun kafin a rantsar da shi shugaban ƙasa a 2016 ya ce zama ɗan jarida ba ya kare mutum daga kisa in lalatacce ne. Lasisin da aka yi wa tashoshi barazana da shi a 2005 shi aka zare wa ABS-CBN, tashar da ta fi kowace girma: ta sauka daga iska ranar 5 ga Mayun 2020, a watan Yuli kwamitin majalisa ya ƙi sabunta izininta da ƙuri'a 70 da 11. Dokar ɓata suna kuma aka faɗaɗa ta zuwa intanet, da ita aka samu Maria Ressa ta kafar Rappler da laifi a Yunin 2020, kan labarin da aka wallafa watanni kafin a sa wa dokar hannu a 2012. Hujjar masu ƙara ita ce an gyara kuskuren harafi a labarin a 2014, wai hakan sabon bugu ne. A 2021 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Ita ma dariyar ta sauya ubangida. A 2005 daga ƙasa take tasowa, ba wanda ya biya kowa. Zuwa 2016 da 2022 'yan siyasa sun gane darajarta, suna ɗaukar matasa haya su yi ta ƙirƙirar hotunan ba'a da gajerun bidiyo a Facebook da TikTok, kuma 'yan jarida na cikin waɗanda aka fi yi wa. Ɗan Marcos ya ci zaɓen 2022 da ƙuri'a sama da miliyan 31. Ƙa'idar nan ta tsigewa sau ɗaya a shekara ma ta sake ɓullowa a 2025, da ita Kotun Ƙoli ta rushe yunƙurin tsige mataimakiyar shugaba Sara Duterte.

Arroyo ta kammala wa'adinta a 2010. An kama ta a 2011 kan zargin maguɗin 2007, ta shafe shekaru a tsare a asibiti, Kotun Ƙoli ta wanke ta daga tuhumar wawure dukiya a 2016, a 2018 ta zama kakakin majalisar wakilai. Ba a taɓa hukunta kowa kan abin da aka ji a faifan 2004 ba. Garcillano kuwa, a 2007 ya fito takarar ɗan majalisa a lardin Bukidnon, da sunan da ƙasa gaba ɗaya ta haddace ba tare da ya kashe ko sisi a talla ba. Ya faɗi.